Takabar Shekara Uku

Ranar da Zulaihatu ta fita takaba, ta yi wanka da hantsi, ta buɗe akwati ta ɗauko atamfarta mai ruwan ganye ta ɗaura, ta zizara kwalli. Wata huɗu da kwana goma ke nan tun da aka tsinci gawar mijinta, Malam Abdulgafar malamin gona, a gefen hanyar Sheme zuwa Daudawa, bayan la'asar kaɗan. Babur ɗinsa na tsaye da makulli a jiki, wayarsa na aljihu. Abin da ya sa kowa ya san ba aikin ɓarayin daji ba ne ke nan, don su ko ramammen jaki ba su bari, balle sabon babur.

Ta fito tsakar gida ta iske surukarta, Hajiya Hussaina, a kan tabarma tana gyaran zogale. Tsohuwar ta dube ta daga sama har ƙasa.

"Biki ake a garin ban ji ba?"

"A'a Hajiya. Yau kwanakin suka cika."

"Ni na haife shi, na fi ki sanin kwanakin. Koma ki cire. Alhaji na da baƙi 'yan jarida daga Katsina."

Alhaji dai shi ne Mas'udu, wan marigayin. Kafin rasuwar, dillalin masara ne a bakin titi, wanda sunansa bai taɓa wuce tasha ba. Amma tun ranar da ya tsaya a ƙofar gida ya yi wa wani mai waya bayani, hawaye na bin gemunsa, duniya ta san shi. Hoton ya zaga Fesbuk, gidajen rediyo suka fara nemansa. Ya sayi farin tabarau ko da yake idonsa garau yake, ya samo jakar hannu, ya zama kakakin iyalan marigayi kuma shugaban Gidauniyar Neman Adalci ga Malamin Gona.

Kisan kuwa ya yi suna. A teburin mai shayi na Ƙanƙara an tabbatar saboda taki ne, wai marigayin ya gano inda takin manoma ke bi da kansa. A Sabuwa an rantse rikicin iyakar gona ne. A Ruwan Godiya aka ce ku bar wannan duka, akwai mace a ciki. 'Yan acaɓa suka manna hotonsa a tankin babur. Inda aka tsince shi ya zama wurin sauka, Kwanar Malamin Gona, har mata na gasa masara a wurin. Mutum in ba ya da niyyar yin abu, sai ya ce, "Sai ran da aka kama wanda ya kashe malamin gona." Sauran malaman gona kuwa suka koyi darasi, duk abin da suka gani a rabon taki sai su duba sama su ce hadari ya taso.

Zulaihatu ta koma ɗaki ta cire atamfar, ta sa koɗaɗɗiyar rigar da ta ƙare takaba da ita. Mas'udu ya yi sallama daga bakin ƙofa.

"Zulai, goge kwallin nan. Za su tambaye ki yadda kike ji. Ki ce kin bar wa Allah, ki ce kina roƙon hukuma. Sauran ni zan faɗa. In kuka ya taho, kada ki danne shi."

"Yaya Alhaji, in sun tambaye ni ranar da abin ya faru hwa?"

"Ba su tambaya."

Ba su tambaya ba kuwa. Suka zaunar da ita a gindin bango, aka ɗora mata 'yarta Amatullah mai shekara uku a cinya, aka ce ta sunkuyar da kai. Kukan bai taho da wuri ba, sai Mas'udu ya shiga ɗaki ya fito da takalman marigayin ya ajiye a gabanta. Nan ya taho. Mai kyamara ya ce kai, wannan ya yi, amma a sake, rana ta shigar masa ido.

Akwai abin da Zulaihatu ta sani, kuma ba babban abu ba ne a ganinta. Ranar da aka kashe mijinta, yana cikin cin abincin rana aka yi sallama a zaure. Ya fita, ya dawo ya ɗauki hula ya ce mata, "Alhaji Gide ne mai taki, wai in bi bayanshi mu duba wata gona hanyar Daudawa. Rufe mani abincin nan." Ta leƙa ta tsagar ƙyaure ta ga farar motar Alhaji Gide a gaba, babur ɗin mijinta a baya. Iyakar saninta ke nan. Ba ta ce shi ya kashe shi ba. Ta dai san da wanda ya fita.

Da masu bincike suka zo gidan kwana biyu da rasuwar, Mas'udu ya tare su a zaure ya ce mai takaba ba ta magana da maza, kuma dama ba ta san komai ba, mace ce ta cikin gida. Suka rubuta haka, suka sha ruwa suka tafi. Ran sadakar bakwai ta faɗa wa Mas'udu zancen Alhaji Gide. Ya ce mata, "Bar wannan a hannuna." Ran arba'in, Alhaji Gide ya aiko da rumfuna da kujeru da buhunan shinkafa. Kafin damina ta fita, ya zama uban Gidauniya.

Haka takaba ta ƙare a littafi ta ci gaba a gidan. Da can Zulaihatu na suyar awara, yaran unguwa na ɗaukar mata. Da ta ɗora kasko, Hajiya ta ce a sauke.

"Matar marigayi da suyar awara? In masu waya suka ɗauka, a ce mun wofintar da ke."

Ta so zuwa sunan maƙwabciya, aka ce wurin suna ana guɗa, kuma wani na iya ɗaukarta tana dariya. Ta so sa lalle da sallah, aka ce hannunta na fitowa a hoto. Wata rana Amatullah ta sa ƙafa cikin takalmin kakarta tana tafiya irin ta tsofaffi, dariya ta ƙwace wa Zulaihatu. Mas'udu ya jiyo daga zaure, inda yake tare da baƙi. Da suka tafi ya shigo fuska a murtuke.

"Ina can ina faɗa masu gidan nan ba a ƙara dariya ba tun ranar, ke kina nan kina ƙyalƙyatawa. So kike a ce ni maƙaryaci ne?"

Da taron cika shekara ya matso, Hajiya ta lura surukarta ta fara maida jiki. Ta kira ta ta dafa kafaɗarta kamar mai taya akuya.

"Kumatun nan ba su dace ba. Mutane za su taho daga Funtuwa har da Zariya, su iske ki ɓul-ɓul, su ce mi? Su ce daɗi kike ji."

Daga ranar aka mayar da ita ƙaramin kwano. Hajiya ta ce ai azumin nafila ma lada ne, kuma ladar na isa ga mamaci.

Taron ya yi kyau, kowa ya shaida. An buga riguna masu hoton marigayi. An yi jawabai goma sha ɗaya. Wani babban baƙo ya ce ba zai runtsa ba sai an kama masu laifi, sannan ya yi gyangyaɗi a kujera har aka tashi. Aka sanar cewa fayil ɗin binciken ya bar wannan ofis ya koma wancan, jama'a suka yi kabbara. Zulaihatu na zaune a layin gaba, ramammiya yadda ake so, Amatullah a cinyarta. Aka miƙa wa yarinyar abin magana ta faɗi abin da baffanta ya koya mata: "Sunana Amatullah marainiya. Wa ya kashe babana?" Mata suka fashe da kuka. Alhaji Gide ya ciro hankici ya share ido, kujera uku tsakaninsa da Zulaihatu.

Yayarta Baraka, wadda ke aure a Sabuwa, ta zo taron. Da aka watse ta ja ta ɗaki ta kama hannunta tana jujjuyawa.

"Zulai, ke ce haka? Tattara kayanki. Uwarmu da ubanmu sun rasu, amma ni ban mutu ba."

Suka sami Mas'udu a zaure yana amsa waya. Ya saurare su cikin natsuwa, har da gyaɗa kai.

"Ai ba a ɗaure take ba, Baraka. Ƙofa a buɗe take. Ta tafi yau in ta so. Amatullah dai jininmu ce, nan za ta zauna. Mutane na tahowa daga nesa don su ga marainiya, in ce masu mi? Ta tafi Sabuwa cin awara?"

Zulaihatu ta dubi 'yarta da ke wasa da murfin kwalba a ƙofar ɗaki. Ta ce wa yayarta ta gaida gida.

A shekara ta biyu wani malamin makaranta daga Ƙanƙara, Malam Jabiru, wanda matarsa ta rasu, ya aiko yana neman aurenta, ya ce zai riƙe yarinyar. Mas'udu ya karɓi 'yan aiken da mutunci, ya sa aka kawo masu fura, sannan ya ce ai jinin ɗan'uwansa bai bushe ba. Zulaihatu ba ta ji labarin ba sai bayan wata biyu, a bakin mai kitso. Ta tunkare shi.

"Yaya Alhaji, addini ya ba ni dama."

"Wa ya ce bai ba ki ba? Ni ma na yi karatu. Amma akwai addini, akwai maslaha. In kika yi aure kin zama matar Jabiru. To wa ce ce matar marigayi? Ni zan ɗaura zane in zauna? Ki yi haƙuri a kama mutanen nan tukuna."

"Yaushe za a kama su?"

"Fayil na tafiya."

"To maganar da na faɗa maka tun ran bakwai?"

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya waiga ko akwai mai ji.

"Ke yarinya ce. Kin ga mota, shi ke nan. Mota nawa ke wucewa ƙofar nan? Mutumin da ya tsaya mana tsayin daka, ya ba mu ofis kyauta, shi za ki ɗora wa jini? Kin san abin da ake kira ƙazafi? Kuma ko da a ce, ina cewa ko da a ce, to in muka ambaci sunanshi, wa ya ce mu za mu kwana? Ni ina da ɗiya tara. Kina ganin ban son ɗan'uwana? Duk abin da nike, don sunanshi kada shi mutu nike."

"Sunan dai na raye," in ji ta.

"To alhamdu lillahi," in ji Mas'udu, ya mayar da tabarau.

A wannan shekarar ne zancen "akwai mace a ciki" ya zagayo ya iso gida. Wani saurayi mai sharhi a waya, wanda bai taɓa taka Sheme ba, ya zauna ya duba hotunan Zulaihatu ɗaya bayan ɗaya, ya sanar wa duniya cewa idonta na hagu ba ya hawaye daidai da na dama, kuma masana sun ce wannan alamar mai ɓoye abu ce. Mata suka fara janye tulunansu in ta zo rijiya. Mai kitso ta daina zuwa. Zulaihatu ta roƙi Mas'udu ya fito ya wanke ta, tunda kullum yana rediyo.

"Ba a biye wa irin waɗannan," ya ce. "Kuma ki duba, tun da yaron nan ya yi maganar, masu bin shafinmu sun ninka. Allah na iya fitar da alheri daga ko'ina."

Sau ɗaya wata 'yar jarida ta nace sai ta gana da ita su biyu. Mas'udu ya amince, ya kawo kujera ya zauna a tsakaninsu don kada baƙuwa ta ji ba a girmama ta ba. Kowace tambaya shi ya amsa. Da matar ta ce, "Hajiya, ke da bakinki, me kika gani ranar?" sai tari ya sarƙe Mas'udu, irin tarin da sai da aka nemo ruwa, aka yi ta sannu. Kafin ya lafa an kira la'asar.

Taron shekara uku ya fi na baya duka. An rufe titi. An kawo lasifika manya, masu waya sun yi layi kamar masu jiran rabon taki. Wannan karon an shirya matar marigayi za ta yi magana da bakinta, don jama'a sun fara cewa sun gaji da muryar Mas'udu. Sati guda Mas'udu na koya mata jimla uku: ta gode wa uban Gidauniya, ta roƙi hukuma, ta bar wa Allah.

Ta tashi. Tun jiya ba ta ci komai ba. Ta riƙe abin maganar da hannu biyu. Ta dubi rigunan da ke ɗauke da fuskar mijinta, ɗari a kan ɗari, wasu sun koɗe, wani ma ya goge hannun mai a kan goshinsa.

"Assalamu alaikum," ta ce. "Shekara uku ana tambaya wa ya kashe Malam. Ni ban sani ba. Amma ba wanda ya taɓa tambayata da wa ya fita. Yana cin abinci Alhaji Gide ya yi sallama, ya ce shi biyo shi su duba gona hanyar Daudawa. Na ga motar da idona. Ban ce shi ne ba. Na ce a tambaye shi inda suka rabu."

Alhaji Gide bai motsa ba. Ya dai girgiza kai a hankali, irin na mai tausayi, ya ce da ƙarfin da na kusa za su ji, "Allah sarki. Baiwar Allah, abin ya taɓa ta."

Mas'udu ya kama wannan igiya tun kafin ta faɗi ƙasa. Ya karɓe abin maganar.

"Jama'a, abin da muke ɓoyewa ke nan wata da watanni. Kun gani da idonku. Ba ɗan'uwana kaɗai suka kashe ba, har hankalin matarshi sun tafi da shi. Ku sa ta a addu'a."

Aka yi salati. Mata biyu suka riƙe ta ta kowane gefe kamar za ta faɗi, tana cewa ku sake ni lafiyata lau, su kuma suna cewa sannu, haka masu irin wannan ke cewa.

Kafin magariba maganar ta zaga. Teburin mai shayi ya karɓe ta ya ajiye a gefen sauran. Wasu suka ce ka ji, dama mun faɗa taki ne. Wasu suka ce wayo ne, ta ga asirinta zai tonu ta jefa wa bawan Allah. Saurayin nan mai sharhi ya yi sabon bayani a kan yadda ta riƙe abin magana da hannu biyu. Kwana uku ana yi, sai aka sace shanu a wani ƙauye, hankali ya koma can. Masu bincike ba su zo ba. An ce fayil na hanya, kuma ba a ɗaukar maganar mai taɓin hankali.

A gida kuwa aka kira mai ruƙiyya. Ya zo da hantsi da jarkar ruwa da tsumagiya, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ɗan Mas'udu na fari ya kafa waya. Malamin ya yi karatu, ya watsa mata ruwa, ya daka tsawa.

"Kai wane ne? Daga ina kake? Wa ya aiko ka? Mi kake so da ita?"

"Malam, ni ce Zulaihatu."

"Ƙarya kake! Faɗi sunanka!"

A wannan hantsi ɗaya an yi wa aljanin tambayoyin da ba a yi wa Zulaihatu ba a shekara uku. Tsumagiya ta sauka a bayanta sau ba adadi. Da azaba ta ishe ta, ta ce duk sunan da suke so shi ne. Malamin ya juya ya dubi waya ya ce alhamdu lillahi, ya fara saukowa. Da yamma Gidauniya ta fitar da sanarwa cewa maƙiya sun turo wa matar marigayi baƙin aljani, ana neman taimakon jama'a don magani. Alhaji Gide ne ya fara aikowa, da zuma da man zaitun.

Baraka ta ga hoton a wayar mijinta. Washegari ta iso Sheme tun kafin a share tsakar gida, ba ta ko gaida Hajiya ba. Ta ɗaga rigar ƙanwarta ta ga baya, ta fito ta tsaya a ƙofar zaure.

"Alhaji Mas'udu, yau da ita zan tafi, da ɗiyarta. In ka ƙi, mu haɗu gaban alƙali."

Wannan karon ma Mas'udu bai yi gardamar uwar ba. Har ya ce a ɗauko mata atamfofinta duka.

"Ta tafi ta huta, Sabuwa akwai iska. Amma yarinya, Baraka, ke ma mai hankali ce. Wane alƙali ne zai ba mai aljanu riƙon ɗiya? Duniya duka ta gani. Ita da bakinta ta amsa." Ya ɗaga waya ya kaɗa mata. "Mu je kotun in kina so."

Hajiya Hussaina na gefe tana jan carbi. Ta ce, "Mu dai mun riƙe ta da amana. Shekara uku ci da sha. Wani gidan da tuni sun kore ta."

Zulaihatu ta ce ba ta zuwa ko'ina ba da 'yarta ba. Baraka ta ja ta gefe ta ce mai ruƙiyya zai dawo jibi, kuma gawa ba ta riƙon ɗiya. Ta ce su tafi ta warke, su nemo manya a dawo a yi magana. Suka daɗe a ɗaki. Da suka fito, Zulaihatu ta durƙusa gaban Amatullah, wadda yanzu ta kai shekara shida, ta gyara mata ɗankwali. Yarinyar ta ga hawaye a fuskar uwarta, ta waiga tana neman mai waya.

"Umma, baƙi sun zo ne? In faɗi sunana?"

Zulaihatu ta rungume ta har sai da Baraka ta ɓamɓare hannunta.

Manya sun je sau biyu. Na farko aka ce Alhaji Mas'udu ya tafi Abuja karɓar lambar yabo. Na biyu ya karɓe su, ya kunna masu hoton ruƙiyya daga farko har ƙarshe, suka sha fura suka ce a bari ta ƙara samun sauƙi.

A Sabuwa Zulaihatu ta ɗora kasko a ƙofar gidan yayarta. Awararta ta karɓu. Ta ci ta ƙoshi, tabon baya ya baje, kumatu suka dawo har da ƙari. Baraka ta sa ana kiranta Maman Ama, ba wanda ya haɗa ta da ramammiyar matar nan ta cikin waya. Ta aika wa 'yarta riga da takalmi da sallah, ba ta ji ko sun isa ba.

Wata ranar kasuwa, wani mai sayen hatsi ya tsaya sayen awara, waya a hannunsa tana ta surutu. Zulaihatu ta ji muryar Mas'udu, wadda ko a mafarki ta san ta.

"Malam, mi ake a ciki?"

"Taron shekara huɗu na malamin gona. Jiya aka yi a Sheme. Ke ba ki bin labarin? Ga matar nan ma, ta warke. An ce tun da aljanin ya fita ta sa niƙabi, ba ta ƙara buɗe fuska ba."

Ya juyo mata wayar. A layin gaba, kusa da Alhaji Gide, ga mace cikin baƙin niƙabi har da safar hannu, tana kuka kafaɗunta na girgiza. Zulaihatu ta gane zaman. Nana ce, ƙanwar matar Mas'udu, wadda tun tana budurwa in aka yi rasuwa a unguwa ita ake fara jiyowa. Aka miƙa mata abin magana, ta nemi gafarar uban Gidauniya a kan abin da aljani ya faɗa da bakinta, ta roƙi hukuma, ta bar wa Allah. Ba ta yi tuntuɓe ko ɗaya ba.

A cinyarta akwai yarinya, ta yi tsawon da ƙafafunta ke taɓa ƙasa.

"Malam, don Allah maido baya kaɗan. Wurin yarinyar."

Ya maido. Haƙoran gaba biyu sun fita. Kitson kanta ya tsufa ya yi buzu-buzu ta gefen ɗankwali. Rigar jikinta tsohuwa ce, wadda Zulaihatu ta ɗinka mata da hannunta, hannuwan sun ɗage har gwiwar hannu. Ta faɗi sunanta da tambayarta ba tare da an tuna mata ba, sannan ta kwantar da kai a ƙirjin Nana.

"Ƙara maidowa."

Ya ƙara. Awara ta ƙone a kasko, hayaƙi ya tashi, ba ta gani ba. Mutumin ya dube ta, ya ga hawaye na sauka a kan kumatunta, ya mayar da waya aljihu yana girgiza kai.

"Kin gani ko? Ke da ba ki haɗa komai da su ba kina kuka. To ina ga ita mai abin?"